Gwanintar Bin Sawun Gado

Duk ɗalibin da ya shiga sashen kimiyyar halittu, ko likitanci, ko aikin gona a jami'a, sai ya yi karo da ƙaton littafin ilimin gado. Da yawa suna ɗaukarsa tarin ma'anoni ne da za a haddace kafin jarrabawa. Ni kuwa a wurina darajarsa tana ƙarshen kowane babi, inda aka jera tambayoyin da sai da fensir da takarda ake amsa su. A nan ake koyon wata gwaninta mai ban sha'awa: ka dubi abin da ya fito fili a jikin 'ya'ya, ka gano abin da ke ɓoye a jikin iyaye. Aikin maharbi ne, wanda bai ga dabba ba amma sawunta ya gaya masa girmanta da inda ta nufa.

Littattafan da suka amsa sunansu a wannan fanni, irin Introduction to Genetic Analysis wanda David Suzuki da Anthony Griffiths suka fara fitarwa a 1976, a kan wannan turba aka gina su. Ba sa miƙa wa ɗalibi doka a dafe. Alƙaluma suke ba shi, su bar shi ya tono dokar da kansa.

Dubi yadda ake farawa. Gregor Mendel ya shafe shekaru, daga 1856 zuwa 1863, yana haɗa irin waken Turawa a lambun wani gidan ibada da ke Brno. Ya haɗa mai ƙwaya sumul da mai ƙwaya a yamutse, duk 'ya'yan suka fito sumul. Da aka bar waɗannan suka hayayyafa, sai ga 5,474 sumul, 1,850 a yamutse. Ɗalibin da ya raba na farko da na biyu zai samu 2.96, wato kusan uku ga ɗaya. Daga nan tunani ya fara aiki. Tunda yamutsewar ta dawo a jikoki, ashe ba ta ɓace ba, laɓewa ta yi. Tunda ta laɓe, kowane tsiro yana ɗauke da ƙwayar gado biyu ke nan, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma ɗayar tana rinjayar 'yar'uwarta. To, in an ba ka tsiro mai ƙwaya sumul, yaya za ka san ko yana ɓoye da ɗayar? Ka haɗa shi da mai yamutsattsiyar ƙwaya. In rabin 'ya'yan sun yamutse, asirinsa ya tonu. Babu madubin likita a cikin wannan aiki, ƙirga ce da hankali kawai.

Wanda ya fi nuna inda wannan gwaninta take kai mutum shi ne Alfred Sturtevant. A 1911 bai ko gama digirin farko ba, yana aiki a ɗakin binciken Thomas Hunt Morgan a Jami'ar Columbia ta Amurka, inda ake kiwon ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace. Ya lura cewa ƙwayoyin gado biyu da ke kan kuromosom ɗaya, iya nisan da ke tsakaninsu, iya yawan rabuwarsu a cikin 'ya'ya. Ya kwashi alƙaluman ya tafi gida, a dare ɗaya ya jera ƙwayoyin bi da bi, kowace a mazauninta. Wannan ita ce taswirar gado ta farko, an buga ta a 1913, shekara arba'in kafin a gano siffar DNA. Har yau ɗalibai suna maimaita irin wannan lissafi a littafin, kuma wanda ya warware shi da hannunsa ba ya mantawa.

Mu nan ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan amfanin abin, domin ciwon sikila yana cikin unguwanninmu. Ba ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da shi, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon ciwon guda ɗaya a ɓoye. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da gwajin jinotayif. Sai dai sakamako a takarda ba ya bayyana kansa. Sau da yawa za ka ji an ce, in AS ya auri AS, ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai zo da SS, wato da ciwon, saboda haka in na fari ya zo da shi, uku na baya sun tsira. Wanda ya sha tambayoyin littafin nan ya san ba haka ba ne. Kowane ciki da lissafinsa, ba ruwansa da na gabansa. Ma'aurata suna iya haifar huɗu lafiyayyu, suna kuma iya haifar uku masu ciwon a jere. Ma'aikaciyar jinya da za ta iya zana ɗan akwatin nan mai gida huɗu na Reginald Punnett, ta nuna wa saurayi da budurwa wannan cikin natsuwa, ta yi wa iyalai biyu babban alheri.

Mai bincike ma bai girmi littafin ba. A ciki zai tarar da yadda Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa masu AS suna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya sa ƙwayar ta yawaita a yankinmu. Zai ga yadda Vernon Ingram ya gano a 1957 cewa sauyin tubali ɗaya tak a ginin furotin ɗin jan jini ne tushen ciwon. Masanin da ke inganta irin wake ko dawa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, idan ya ƙirga tsirrai a filin gwaji don ya san ko ƙwayar gado ɗaya ce ke ba su juriya ko da yawa, lissafin Mendel yake yi. Na'urori sun sauya, tambayar ba ta sauya ba.

Saboda haka ɗalibi ya karanta babi, ya rufe shafin amsoshi, ya zauna da tambayoyin har sai sun warware. Malamai su riƙa ware lokacin yin su a aji. Jami'o'inmu kuma su tabbatar akwai isassun kwafe na sabon bugu a ɗakunan karatu, domin ƙasar da ke fama da sikila, take kuma neman irin shuka mai jure fari, tana matuƙar bukatar masu wannan gwaninta.