SHARHIN FIM: Awa biyu ana azaba, minti biyu ana tashi

Fim: The Passion of the Christ
Darakta: Mel Gibson
'Yan wasa: Jim Caviezel, Maia Morgenstern, Monica Bellucci
Shekara: 2004

Duk shekara idan bikin Ista ya zagayo, a Nijeriya ana ba da hutun Juma'a da Litinin, maƙwabtanmu na Ƙonni kuma su sami hutun Litinin. Mu nan Darna Sabon Gari da sauran sassan Illela kasuwa ɗaya muke ci da Kiristoci, mota ɗaya muke shiga zuwa Sakkwato, amma da yawanmu abin da muka sani game da Ista bai wuce hutun ba. Wanda ya ɗan ƙara sani kuwa, sau da yawa daga wannan fim na Mel Gibson ya samo. Shi ya sa na ga ya dace mu ɗora fim ɗin a kan sikeli, mu ga ko ya isar da abin da masu addinin ke nufi.

Mu Musulmi mun yi imani cewa ba a kashe Annabi Isa (AS) ba, ba a kuma gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Wannan a sarari yake, kuma shafin nan ba filin muƙabala ba ne. Aikin mai sharhi shi ne ya auna fim da mudun da fim ɗin ya zo da shi.

To, mene ne mudun? A aƙidar Kirista, an gicciye Yesu Almasihu ranar Juma'a, ya ɗauki zunubin mutane a kansa, ya mutu, sannan ya tashi daga matattu ranar Lahadi. Tashin shi ne ginshiƙi. Bulus ya nuna a wasiƙarsa ta farko zuwa ga mutanen Korinti, sura ta 15, cewa in aka cire tashin, bangaskiyar ta rushe, gafarar ma babu ita. Wato a wurinsu mutuwar biyan bashi ce, tashin kuma shi ne rasit ɗin da ke nuna an karɓi biyan. Daga nan suke ciro hukunci na biyu: wanda aka yafe wa babban bashi, ba shi da bakin shaƙe ɗan'uwansa a kan ƙarami.

Ta fuskar sana'a, a gaskiya Gibson ya yi aiki. Ya kashe kimanin dala miliyan 30, fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 600. Ya ƙi yin amfani da Turanci, 'yan wasa suka yi magana da Aramiyanci da Latinanci da Ibrananci. An ɗauki fim ɗin a Italiya, a tsohon garin Matera da kuma situdiyon Cinecitta na Rum. Mai ɗaukar hoto, Caleb Deschanel, ya sarrafa haske da duhu har kowane sin ya zama kamar zanen hannu. Wadda ta fi burge ni ita ce Maia Morgenstern a matsayin Maryamu. Ba ta ihu, ba ta birgima a ƙasa irin na iyayen finafinanmu, da ido kawai take wasa. Dubi inda ɗanta ya faɗi da gungumen, ta tuna ranar da ya yi tuntuɓe yana ƙarami ta ruga ta ɗauke shi. Ko wane addini kake bi, in kana da uwa sai jikinka ya yi sanyi.

To amma fa ga inda gizo ke saƙar. Fim ɗin ya haura awa biyu, kusan duk a kan duka da jini da ƙusa. Tashin kuwa, wanda shi ne kan zancen, bai kai minti biyu ba: dutse ya gangara, likkafani ya lotsa, jarumin ya miƙe, aka nuna mana huda a tafin hannunsa, sai sunaye. Kamar a kwana ana kiɗan biki ne, da aka kawo amarya sai aka ɗauke wuta. Ɗan kallon da bai san labarin ba zai tashi da tausayi da tsoro, amma ba zai gane dalilin da ya sa maƙwabcinsa ke saka sabbin kaya yana murna ranar Lahadin Ista ba.

Wannan gaggawa ta cinye labarin Bitrus. Mun ga ya yi musun sanin maigidansa sau uku, mun ga ya durƙusa gaban Maryamu yana kuka, ya ruga, shi ke nan. Alhali a Bisharar Yohanna, bayan tashin, Yesu ya same shi a bakin tafki, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, daidai da adadin musun, sannan ya damƙa masa kiwon mabiyansa. Nan ne Kirista ke ganin gafara da idonsa: wanda ya ci amana aka sake ba shi amana. Darakta ya nuna laifin, ya bar yafiyar a cikin littafi.

Babban kuskuren kuwa yana kan gicciye. Kamar yadda Bisharar Luka ta kawo, jarumin ya roƙa wa masu azabtar da shi gafara. Ba a jima ba ɗaya daga cikin ɓarayi biyun da aka gicciye tare da shi ya yi masa ba'a, sai ga hankaka ya sauka ya caccake masa ido. Wannan hankaka babu shi a cikin Bishara ko ɗaya daga cikin huɗun nan, ƙari ne na masu fim. Ka ga ke nan jarumi ya yafe, darakta ya ƙi yafewa. Ya san ɗan kallo na jin haushi, sai ya ba shi ɗan abin huce takaici, ya warware da hoto abin da aka ƙulla da baki.

Mai son ganin wannan aƙida tana aiki a jikin ɗan Adam ya nemi wani ƙaramin fim na gaskiya da aka ɗauka a ƙasar nan, The Imam and the Pastor, wanda Alan Channer ya shirya a 2006. Labarin Imam Muhammad Ashafa ne da Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinan biyu, har suka shiga tsakani bayan rikicin Yelwan Shendam na 2004 a Jihar Filato.

Abin da ya ba labarin nauyi shi ne ba a ɓoye wahalar yafiya ba. Wuye ya sha faɗa cewa sun yi shekaru suna tafiya tare alhali zuciyarsa na raya masa ya danne Ashafa da matashin kai in ya yi barci. Sai da wani mai wa'azi ɗan'uwansa ya tunatar da shi cewa ba a yin wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki, sannan ya sauke. Shi ma Ashafa huɗubar Juma'a ce ta karya masa zuciya, kan yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi neman a halaka mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi. Kowa daga rijiyar gidansu ya ɗebo ruwan. Kuma hannun Wuye bai dawo ba, na roba yake sakawa. Wannan ya yi daidai da abin da Kiristoci ke karantawa, cewa wanda ya tashi ɗin da tabon ƙusa ya tashi. Yafiya ba ta goge tabo, hana shi zama dalilin sabon rauni take yi.

A nan 'yan fim ɗinmu na Hausa ke da abin ɗauka. Kowa ya san yadda ake rufe labari a wurinmu: muguwar kishiya ta yi awa biyu tana tsula tsiya, saura minti biyar ta yi haɗarin mota ko ta haukace, a kwantar da ita a gadon asibiti, ta ce "Yaya ki yafe mini," a amsa da "Na yafe miki duniya da lahira," sai waƙa. Hankakan Gibson ne ya sake riga. Sai marubuci ya rama mana tukuna, sannan a yafe wa wadda ba ta da sauran ƙarfi. Ina fim ɗin da zai nuna mana wadda ta yafe alhali mai laifin na nan garau, ta kwana tana kokawa da zuciyarta, gobe kuma su haɗu a bakin murhu ɗaya? Wannan shi ne abin da matan aure da 'yan kasuwa da maƙwabta ke fama da shi kullum, kuma shi ne ba mu ɗauka.

A 2025 Gibson ya koma Italiya ya fara ɗaukar ci gaban fim ɗin, mai suna The Resurrection of the Christ, bayan shekara 21. Shi da kansa ya san akwai bashin da bai biya ba. Ni dai in ya fito, sin ɗin bakin tafkin nan zan fara nema, in ga ko a wannan karon Bitrus zai samu minti biyar nasa.