Lissafi da Amana: Sharhi a kan Hausar Takardun Ƙungiyoyin Magoya Baya a Adar

1. Gabatarwa

Wannan ɗan sharhi ya shafi wasu takardu ne waɗanda masu nazarin harshe ba su cika kula su ba, wato dokokin ƙungiya da ake fassarawa daga Faransanci zuwa Hausa domin a karanta wa jama'a ranar kafa ƙungiya. Waɗanda muka duba sun fito daga gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jahar Tawa. Mun fi mai da hankali ga ƙungiyoyin magoya bayan ƴan kokawa, irin waɗanda samari da ƴan kasuwa suke haɗawa a Azarori da garuruwan da ke kewaye da ita, saboda a nan babu albashi, babu riba, so ne kawai yake tara mutane, amma duk da haka idan ƙungiya ta watse, kusan kullum a kan kuɗi ne. Ba mu musun cewa akwai ma'ajin da ke cin abin da aka ba shi ajiya. Abin da muke son nunawa shi ne, wani kashi na rigimar tun a cikin fassara ake shuka shi, kafin ko dala ta shiga asusu.

Tun daga 1975, lokacin da aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a birnin Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, kokawa ta tashi daga wasan bayan girbi ta zama hanya mai matakai: daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, sannan filin takobi. Kowane mataki yana cin kuɗin mota da abinci da makaɗa. Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 kuwa ta shimfiɗa cewa ƙungiyar da ke son hukuma ta san da ita sai ta ajiye dokokinta a rubuce. Da Faransanci aka saba rubuta su, bisa samfuri guda da kowa ke kwafa: shugaba, magatakarda, ma'aji, da sauransu. Fassarar Hausa daga baya take zuwa, kuma galibi wani mushen lakwal ne ko ma'aikacin karatun manya ake roƙo ya yi ta cikin dare guda.

2. Kalma guda, alƙawari uku

Mu fara da « cotisation ». A takardun da ke hannunmu mun tarar da ita da fuska uku: zubi, gudummawa, kyauta. Mai fassara yana sauya su daga sashe zuwa sashe kamar mai gudun maimaici, abin da aka koya mana duka a darasin rubutun Faransanci. Sai dai a Hausa waɗannan kalmomi ba su ɗaure mutum da igiya ɗaya ba.

Zubi na adashi ne. Wanda ya zuba yana jiran kwasa, kuma yana da ikon sanin abin da ke hannun uwar adashi a kowace rana. Gudummawa ta biki ce: ana riƙe ta a ka ko a takarda, ana kuma mai da ita ranar da mai bayarwa ya tashi nasa sha'ani. Guy Nicolas, a littafinsa na 1986 a kan kyauta da ciniki a ƙasar Maraɗi, ya nuna yadda wannan musaya take da ƙa'idodi masu tsanani. Kyauta kuwa, da ta bar hannu ta bar shi ke nan, kuma mai bin sawunta ya zubar da girmansa, gori za a ce yana yi. To idan sashe na 5 ya ce zubi, na 9 ya ce kyauta, mutum biyu za su tashi daga taro ɗaya kowa da dokarsa, kuma kowa yana da gaskiya. Ga irin musayar da ake ji, da karin harshen Adar, wanda Bernard Caron ya bayyana nahawunsa a 1991:

(1) Kuɗɗin da munka zuba, ina sunka shiga?
(2) Kai da ka ba yaro kyauta, mi kaka biɗa kuma?

Mai (1) yana magana da harshen adashi, mai (2) ya amsa masa da harshen filin kokawa. Ba za su haɗu ba, domin takardar da ya kamata ta raba gardama ita ce ta ba kowannensu makami.

3. Dala da tamma

Matsala ta biyu ta fi sauƙin gani, shi ya sa muke mamakin yadda ta daɗe. A Nijar, baki da dala yake ƙirga kuɗi, alƙalami kuwa da tamma. Dala tamma 5 ce. Saboda haka « ashirin » a kasuwar Madawa 100 F ce, « hamsin » 250 F, « ɗari » 500 F, jikka kuma, wato dala 200, ita ce 1.000 F. Kowa ya san wannan, har yaron da ake aike sayen goro. Amma da mai fassara ya ga 500 F a takarda, sai ya bi lambobi ya rubuta « ɗari biyar ». Dattijon da ake karanta wa ya ji 2.500 F, ya ce ƙungiyar ta masu hali ce. Ranar lissafi abin ya fi muni. Ma'aji ya rubuta 50.000 F, ya karanta « dubu hamsin » yadda lakwal ta koya masa. Mai ƙirga da dala ya ji 250.000 F, ya duba abin da aka kashe wa ɗan kokawa, ya ga bai kai kusa ba, ya kama baki. Daga nan zancen ya fita gari.

Jikka ba ta da wannan harshen damo a cikin ƙasa, domin jikka hamsin jikka hamsin ce ga kowa. (Sai fa an tsallaka iyaka: a Najeriya jaka naira 200 ce, kuma ƴan ci-ranin Adar da yawa can suke nema.) Abin da ya kamata mai fassara ya yi bai wuce ya rubuta lambar tamma, ya bi ta da sunanta na baki ba: 500 F, wato ɗari. Takardun da muka gani ba su yi haka ba.

4. « Transparence » da ƴan rakiyarta

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne ba za mu ɗora wa masu fassara laifi duka ba. Kalmar ta yi ƙarfi a bakin ma'aikata tun bayan taron ƙasa na 1991, ta bi ƙungiyoyin agaji ta shiga ƙauyuka. An fassara ta da gaskiya, da adalci, da « a fili », da « ba rufa-rufa ». Gaskiya ce ta fi yawa, kuma ita ce a ganinmu ta fi ɓarna.

« Transparence » sifa ce ta tsarin aiki: littafin kuɗi a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ko ma'aji waliyyi ne ko ɓarawo. Gaskiya kuwa hali ce ta mutum. Cewa muke « mai gaskiya », « ba shi da gaskiya ». Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, ya sa gaskiya da amana cikin halayen da Bahaushe yake auna mutum da su. Ke nan idan doka ta ce ƴan ƙungiya suna da ikon neman gaskiya daga ma'aji, abin da kunne ya ji shi ne suna da ikon tuhumarsa, tunda ba a neman abu sai inda ake zaton babu shi. Tambayar da a Faransanci aikin ofis ce, a Hausa ta koma zargin cin amana, kuma aikatau « ci » ba ya zuwa da sauƙi: cin amana, cin kuɗi, cin mutunci, duk gida ɗaya suke kwana. Ma'aji mai mutunci yana da amsa guda, ya ajiye mabuɗi ya ce a nemi wani. Sau da yawa mutumin kirkin ne yake fara tafiya.

« Ba rufa-rufa » ta fi kusa da ma'ana, amma tana karo da wata daraja. Rufin asiri abin roƙo ne a wurin Allah, tonon asiri kuwa aikin maƙiyi. Ƙungiyar da ta rubuta cewa ba za ta rufa wa kowa ba, ta yi alƙawarin da babu ɗan gari mai son a cika shi a kansa, musamman wanda bai sami abin zubi ba watan da hatsi ya ƙare.

Sai « commissaire aux comptes ». Wasu sun bar shi da aro, « komisar na kuɗi ». Komisar ɗaya talaka ya sani, na ƴan sanda. Wasu sun ce mai bincike, wanda shi ma ƙamshin komisariya yake. Mun fi son « shaidun asusu », domin shaida matsayi ne mai daraja da aka sani a ɗaurin aure da cinikin gona, kuma kasancewarsa ba ta nufin ana zargin kowa.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne kalmar da aka tsallake. A tsarin Faransanci, bayan an karanta lissafin shekara, taro yana ba ma'aji « quitus », wato ya shaida cewa ya sauke nauyi, babu mai binsa komi. Inda samfurin ya ambace ta, masu fassara sukan wuce, wataƙila don ba su ga takwararta ba. Alhali Hausa ba ta rasa ba: sauke amana, fita kunya, wanke mutum a bainar jama'a. Da an fassara wannan sashe, da lissafi ya zama haƙƙin ma'aji, ranar da zai fito a yaba masa, maimakon ranar hisabi. An ɗauko rabin tsarin mai cizo, an bar rabin mai busawa. Inda tsarin ya cika, tambaya ba ta kashe ƙungiya: a Oktoba 2020 shugaban kulob ɗin Barcelona, Josep Maria Bartomeu, ya sauka bayan mambobi sun tara sa hannu domin ƙuri'ar rashin amincewa, kulob kuma ya yi zaɓe a Maris 2021 ya ci gaba. Hanyar tambaya tana da suna a dokarsu, mai binta bai zama maƙiyin kowa ba.

5. Shela

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Hausa ba ta da nata hanyar fitar da kuɗi fili. Duk wanda ya zauna filin kokawa, ko ya saurari Muryar Sahel lokacin takobi, ya ji sanƙira yana faɗin wane ya ba wane jikka kaza. Wannan lissafi ne, dubban kunnuwa ne littafinsa. A yau ƴan ci-rani da ke Abijan ko Legas, idan sun aiko da nasu, sukan bi shi da saƙon murya ta waya domin a ji, wato shelar ce ta sami sabon kakaki. Haka nan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, sun yi aiki da matan da yawancinsu ba su yi lakwal ba: akwatin ƙarfe mai kwado uku, mabuɗai a hannun mata daban-daban, ba a buɗewa sai gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, a riƙe jimla a ka har mako mai zuwa. Babu wadda ta tambayi ma'ajiya, domin tsarin ya riga ya amsa. Tunda kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, takardu irin waɗannan za su ƙaru, kuma muna ganin daga bakin waɗannan mata ya kamata a ɗebo kalmomi, kafin a buɗe ƙamus.

Amma shela tana da iyaka, kuma a kokawa iyakar a fili take. Abin da ya shigo ake shelantawa. Abin da ya fita ba shi da maroƙi. Daga cikin abin da ke fita kuma akwai kashin da ba ya faɗuwa: abin da aka kai wa malami ko boka domin tsarin ɗan kokawa. Kowa ya san ana yi, layun suna nan a jikinsa kowa na gani, amma faɗin wurin da aka je daidai yake da miƙa wa abokin karawa makarin. Ma'aji sai ya zuba wannan kashi a layin « divers », mai fassara ya ce « tarkace » ko « da sauransu », wani lokaci kuma tarkacen ya fi kuɗin mota da abinci a haɗe. A nan mai (1) yake sa yatsa, kuma ba za a ce bai da hujja ba, domin ta wannan ƙofa ce ma'aji maras tsoron Allah yake fitar da nasa.

Samfurin Faransanci bai tanadi layi domin wannan ba, tunda a can abin da ba shi da rasit ba a kashe shi ba. Dokar da aka rubuta da Hausa tun farko za ta iya kiran abin da sunansa, kuɗin asiri, ta yanke masa iyakar da taro ya yarda da ita, ta ce dattawa biyu daga cikin shaidun asusu su raka ma'aji, su dawo su shaida adadi ba tare da sun faɗi ƙofar da aka shiga ba.