Idon Harry da Shekarun Snape: Gardamar Masoya Kan Zaɓen 'Yan Wasa

A watan Afrilun 2025 kamfanin HBO ya bayyana wasu daga cikin waɗanda za su fito a sabon shirin Harry Potter mai dogon zango. John Lithgow, ɗan Amurka, shi aka ba matsayin Dumbledore. Paapa Essiedu, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Gana ne, shi zai fito a Snape. Ba a ko kafa kyamara ba a lokacin, amma masoyan littattafan sun riga sun rabu gida biyu, kowane ɓangare da hujjojinsa a hannu.

Ba yau aka fara ba. Tun a watan Agustan 2000, da aka nuna wa duniya Daniel Radcliffe da Emma Watson da Rupert Grint a matsayin Harry da abokansa biyu, wannan gardama ta zama al'ada mai ƙa'idojinta a tsakanin ma'abota littattafan almara na sihiri. Tsarinta tamkar zaman kotu ne. Littafi shi ne shaida, ana jawo babi da lambar shafi, marubuci kuma shi ne alƙali, amma fa sai in hukuncinsa ya yi wa mutum daɗi. Har akwai wani reshe na al'adar inda masoya kan yi nasu rabon matsayi ba tare da jiran kowane furodusa ba. Shekara da shekaru, misali, da yawansu sun tsayar da Ben Barnes a matsayin Sirius Black yana saurayi, Andrew Garfield kuma Remus Lupin, alhali babu wani fim da ya taɓa ba su waɗannan matsayai.

A duba abin da ya faru da Hermione. A watan Disambar 2015 aka sanar da cewa Noma Dumezweni, baƙar fata haifaffiyar Suwazilan, za ta fito a matsayinta a wasan dandamali na Harry Potter and the Cursed Child, wanda aka buɗe a Landan a 2016. Nan take masu adawa suka zaƙulo wata jimla a littafi na uku inda aka ambaci farar fuskar yarinyar tana leƙe daga bayan bishiya. Masu goyon baya suka ce ai tsoro ne ya ɗauke mata jini a wurin, suka kuma jawo wata jimlar daga wannan littafin dai, inda aka ce ta yi duhu bayan hutun da ta yi a Faransa. Littafi ɗaya, shaidu biyu masu karo da juna. Marubuciyar, J.K. Rowling, ta fito ta ce abin da ta fayyace shi ne launin ido, cukurkuɗaɗɗen gashi da kaifin basira, ba ta taɓa ƙayyade launin fata ba. Gardama ba ta mutu ba, sai ma aka koma tuhumar alƙalin. Ita kuwa Dumezweni ta ci lambar yabo ta Olivier a 2017 da wannan matsayi.

Kalmar da ta fi yawo a bakin masu wannan muhawara ita ce amana ga littafi. To, sai dai amanar tana da zaɓe. Snape na littafi an haife shi a 1960, labarin farko kuma yana faruwa ne a 1991, wato yana da shekara 31. Alan Rickman, wanda ya fito a matsayinsa, yana da 55 lokacin da fim na farko ya fito a 2001. Tazarar shekara 24 ke nan, kuma ba ƙaramin abu ta taɓa ba. Snape sa'an iyayen Harry ne, ajinsu ɗaya a makaranta, don haka dole su ma aka ɗauko manyan mutane suka fito a matsayinsu. A littafi James da Lily suna da shekara 21 aka kashe su, yara ne da ko gama sanin duniya ba su yi ba, kuma rabin tausayin labarin a nan yake. Fim ya shafe wannan, amma da wuya ka ji wanda ya riƙe Rickman da laifi. Muryarsa da takunsa sun cinye hujja, har ta kai yau mutane da yawa in sun buɗe littafin fuskarsa suke gani. Essiedu, wanda aka haifa a 1990, ya fi Rickman kusa da shekarun Snape nesa ba kusa ba. Abin da na fahimta shi ne, sau da yawa hoton da masoyi yake karewa da sunan littafi, tsohon fim ne ya dasa masa shi a ka.

Haka batun ido. Littattafan sun nanata cewa Harry korayen idanun mahaifiyarsa ya gado, kuma a kan wannan ne aka ɗora maganar Snape ta ƙarshe kafin ya cika. Idon Radcliffe shuɗi ne. An gwada manna masa ɗan gilashin nan mai launi a ƙwayar ido, jikinsa ya ƙi karɓa, aka haƙura. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Wanda ba shi da uzuri shi ne fim na ƙarshe a 2011, inda yarinyar da ta fito a Lily tana ƙarama idonta ruwan ƙasa ne, bai ma dace da na Radcliffe ba. A nan masu ƙorafi suna da gaskiya ɗari bisa ɗari.

In an zo kan launin fata ne ma'aunin yake karkacewa ƙarara. Suzanne Collins ta bayyana Rue a The Hunger Games da duhun fata, ba ɓoye-ɓoye, amma da fim ya fito a 2012 da Amandla Stenberg a matsayin, wasu suka yi ta kukan an sauya musu yarinya. Sun karanta shafin, idonsu ya tsallake abin da bai yi tsammani ba. A ɗaya gefen, Ursula Le Guin ta yi Ged, jarumin Earthsea, mai jar fata da ya doshi duhu tun 1968. Da tashar Sci Fi ta mayar da labarin shirin talabijin a 2004, sai ta ba Shawn Ashmore, farar fata, har marubuciyar ta fito da kanta ta yi tir. Ita ma Lavender Brown, 'yan mata baƙaƙe ne suka fito a matsayinta a finafinan Harry Potter na biyu da na uku, lokacin ba ta da ko kalma ɗaya. Da matsayin ya samu magana da soyayya a 2009, sai aka ba Jessie Cave. Hayaniyar da aka yi kan waɗannan ba ta kama ƙafar ta Hermione ba.

Ba ina cewa duk mai ja da zaɓen Essiedu wariya ce ke cin sa ba. Akwai damuwa mai nauyi da wasu masu karatu suka kawo. A littafi na biyar an nuna James Potter, ɗan masu hali, yana wulaƙanta Snape matalauci a gaban ɗalibai, ya rataye shi a iska ƙafa sama kai ƙasa. Shi ma Harry tun ganin farko ya ɗora masa zargi. In Snape baƙi ne, waɗannan fitowa za su ɗauki wata ma'ana da marubuciyar ba ta nufa ba, kuma dole masu shirin su san yadda za su yi da ita. Irin wannan tambaya ce take da amfani: shin siffar da aka sauya tana ɗauke da wani aiki a cikin labarin, ko kuwa ado ce kawai?

Percy Jackson na Rick Riordan ya ba da amsar a aikace, har sau biyu. Fim ɗin 2010 ya mayar da yaro ɗan shekara 12 saurayi ɗan 16, alhali dukkan jerin littattafan sun rataya ne a kan wani hasashe da zai cika ranar da ya kai 16. Dole fim na biyu ya ɗaga shekarun hasashen zuwa 20. Masoya kuma suka fi damuwa da gashin Annabeth, wanda a littafi ruwan zinare ne, na Alexandra Daddario da ta fito a matsayinta kuwa mai duhu. Aka biya musu buƙata, aka sauya launin gashin a fim na 2013, fim ɗin bai gyaru ba, kuma daga shi ba a sake yin wani ba. Gashi ba shi ne ciwon ba.

Da Disney ta ɗauko labarin daga tushe, Riordan da kansa yana cikin masu zaɓe, aka ɗauki yara masu shekarun da suka dace. Leah Sava Jeffries, baƙar fata 'yar shekara 12, ita ta samu Annabeth a 2022. Manya da gemunsu suka yi mata ca da zagi, abin kunya, har Riordan ya fito ya ce shi ya zaɓe ta, mai fushi ya nufo shi, kuma ya kira abin da sunansa, wariyar launin fata. Shirin ya fara fita a watan Disambar 2023, a watan Fabrairun 2024 kuma Disney ta amince a yi zango na biyu, Jeffries na nan a matsayinta.