4.3 Rauni a Zaɓen Kalmomi Cikin Saƙonnin Faɗakarwa a Kan Korona a Illela

Kamar yadda aka gani a babi na uku, saƙonnin faɗakarwa da aka yaɗa ta rediyo da bakin masu shela a 2020 da 2021 sun ginu ne a kan wanke hannu da ba da tazara da rufe baki da hanci, daga baya kuma aka ƙara da allurar riga-kafi. A nan za a dubi inda suka gaza.

Rauni na farko yana ga kalmar "takunkumi". A wajen Bahaushe, takunkumi abu ne da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi ko kura a baki, don a hana su ci ko cizo. A gari irin Illela, wanda kasuwar dabbobinsa ta yi suna, cewa dattijo ya sa takunkumi ba ƙaramar magana ba ce. Sannan kalmar tana ɗauke da ma'anar hukunci, kamar wanda aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023. A ganin mai wannan nazari, da "amawali" aka ara da saƙon ya fi shiga, domin rufe baki da rawani abin girma ne a ƙasar Sakkwato.

Sai dai raunin da ya fi girma yana ga kalmar "jama'a". An bayyana cewa idan mafi yawan jama'a suka yi allura, cutar za ta rasa hanyar yaɗuwa, har wanda bai yi ba ya samu kariya. To, amma wace jama'ar? Saƙonnin sun ɗauka cewa Illela ta ƙare a ƙofar kwastan, alhali Birnin Ƙonni na nan kusa, ana auratayya, ana cin kasuwar juna. An sake buɗe wannan iyaka a Disamba 2020, tun kafin allurar AstraZeneca ta iso Nijeriya a Maris 2021, watan da Nijar ta karɓi Sinopharm daga ƙasar Sin. Wato ƙasa biyu, tsari biyu, amma numfashi ɗaya a rumfar kasuwa. Mutumin Illela ya san haka sarai, saboda haka da wuya ya gamsu da lissafin da ya bar surukinsa na Ƙonni a waje.