Ɗaliban Zane da Saƙa a Jami'o'inmu: Yabo da Gyara

Kwanakin baya wani jikana ya ja ni zuwa baje kolin ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe na sashen zane da tsara tufafi a wata jami'a ta nan Arewa. Na yi wajen awa uku ina zagayawa da sandata. Na fito da farin ciki, amma da wani ɗan ƙulli a zuciya. Wannan ƙullin ne nake so in kwance a gaban malaman makarantu da dattawa 'yan'uwana.

Ba za a auna aikin yaran yau ba sai an san inda aka faro. A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane daga Ibadan aka kawo shi kwalejin Zariya, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Akasarin malaman Turawa ne, manhajar ma irin ta Ingila ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarar Bature, amma a zuba mata fasahar gida. Ƙungiyar ta watse a 1961, sai dai abin da ta shuka ya yi yabanya. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, ya gina koyarwar Jami'ar Nsukka a kansa. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo kuwa ya zana rayuwar Yarabawan Legas.

Abin lura shi ne kowannensu gidan ubansa ya koma ya ɗebo. Ban ga laifinsu ba. Amma a nan kusa da ajinsu akwai Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a ƙarni na 19, ga zanen bangon gidajen birni, ga maɗinkan manyan riguna. Wanda ya tsaya ya tattara wannan fasaha da gaske shi ne wani Bature malamin jami'ar, David Heathcote, har ya baje kolinta a Landan a 1976. Yau da 'ya'yanmu suka cika waɗannan azuzuwa, nauyin ya dawo kansu.

To me na gani? In an zo maganar tsabtar hannu da iya haɗa launi, yaran nan sun cancanci yabo. Suna tsara zane a kwamfuta cikin yini guda wanda a da sai an yi mako. Aikin da ya fi burge ni na wata ɗaliba ne da ta saƙa mayafi da zaren auduga, ta bi tsarin saƙi, baƙi-baƙi da ɗigon fari kamar jikin zabo, sannan ta faɗaɗa shi yadda matar zamani za ta yafa. Da na tambaye ta, ta ce wata biyu ta yi tana zama wurin wani tsohon masaƙi a garinsu. Aikin da kansa ya ba da shaida.

Sauran kuwa, akasarinsu dagi ne. Dagi a jaka, dagi a labule, dagi a faranti, sai ka ce Bahaushe bai taɓa zana wani abu ba sai shi. Wani saurayi ya buga zanen babbar riga a ƙyalle ya rubuta aska takwas a ƙasa. Na ƙirga, na sami shida. Na ce masa, "Yaro, ina sauran biyun?" Ya ce, "Baba, haka na gan shi a intanet." Bai san cewa askan nan suna da mazauni a jikin riga ba, wasu a kan aljihu wasu a gefen wuya, kuma mai zane ne ke fara fitar da su da alƙalami da tawada kafin allura ta bi.

Haka batun rini. Na ga ƙyallaye da aka tsoma cikin garin rinin kanti a bokiti aka kira su rinin gargajiya. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ko ta Kura ya san bambanci. Ana haɗa baba da toka da katsi a karofi, a bar shi kwanaki ya nuna, a yi ta tsomawa ana fitarwa iska na bugu har shuɗi ya kama. Daga nan sai mabuga su yi bugu da shuni, a sami ƙyallin turkuɗi da rawani ɗan Kura wanda Buzaye ke tsallako hamada su saya.

Wani zai ce wannan ƙorafin tsofaffi ne. A'a, maganar abinci ce. An tsara karatun nan ne lokacin da masaƙun Kaduna ke ɗaukar masu zanen atamfa. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta, kayan Sin suka cika Kantin Kwari. Zanen da aka kwafo daga intanet, inji zai kwafe shi ya sayar da araha. Abin da ba ya kwafuwa shi ne ilimin da ke hannun gwanaye, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Muna da misali a Ladi Kwali. Ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954 da gwanintar da ta koya a gida, ta ƙara da dabarar zamani. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ga hotonta a takardar naira 20.

Shawarata ita ce kowane ɗalibi ya yi zango guda a marina ko masaƙa ko zauren ɗinki, kuma a rubuta sunan gwanin da ya koya masa kusa da nasa a ranar baje koli. Ku kuma malaman firamare da sakandare, ku riƙa gayyato maɗinki ko marini aji, yara su ji sunayen zane daga bakinsa. Dattawa, duk mai tsohuwar riga a adaka ya fito da ita jikoki su ƙirga askarta. Allah ya sa mu dace.