Rantsuwar da ba ta cin kowa

Duk wanda ya taso yana hayar littattafan yaƙi, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su, ko yake bin na yanzu a waya, ya san wurin: matsafi ya fusata, ya daki ƙirji, ya rantse da wani gunki mai suna kamar na maganin tari. Daga nan ba a sake jin ɗuriyar gunkin. Matsafin ya saɓa alkawari, ko ciwon kai bai yi ba.

Na san abin da ya ɗaure marubutanmu. Rantsuwa da wanin Allah ba abin wasa ba ce a wurin Musulmi, don haka jarumi sai ya ce wallahi, ko da a wace duniya aka ajiye shi, a bar wa mugu gunki. Uzuri ne mai ƙarfi. Amma ya mai da rantsuwa rigar 'yan ƙwallo, aikinta kawai nuna ɓangaren da mutum yake. A aikinmu na manhaja akwai rubutun cike gurbi da ake sawa kafin na gaske ya zo. Yawancin rantsuwoyin nan haka suke, an manta ba a cire su ba.

Alhali Hausa ba ta rasa abin koyi ba. Har yau a kasuwar Dingaya ko Gwaram za ka ji an ce aradu, ko kwarankwatsa. Nauyin kalmar daga hukuncinta yake: in ƙarya nake, tsawa ta faɗo mini. Mai ji ya san abin tsoron, ya san kuma damina na tafe. George R. R. Martin ya gane wannan; a littattafansa, allolin da mutum ya rantse da su suna gaya maka yankin da ya fito.

Zagi ma haka. Bahaushe ya fi jin zafin a taɓa uwarsa ko asalinsa. To aljanin da aka ce shekararsa dubu, me ya fi tsada a wurinsa? Nan ya kamata zaginsa ya dosa, ba “la'ananne” sau arba'in ba.

Ban ce a daina ƙirƙira ba. Marubuci ya ƙago gunkinsa, ya kafa shi ko a gindin duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da. Amma in an rantse da shi a babi na 2, ina son kafin babi na 20 in ga wanda rantsuwar ta ci, ko wanda ya hana kansa barci don tsoronta.