Kunnen Mai Gyara: Kare Tsohuwar Rakoda a Ƙasar Magarya

Duk lokacin da aka ta da zancen tsofaffin injunan ɗaukar murya, sai wani ya ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: a kwashe kaset-kaset a zuba cikin kwamfuta, a sayar wa 'yan gwangwan ƙarafan. Na sha jin wannan daga bakin matasa masu tura waƙa a waya, tun daga Magarya har Dungas da Mallawa. Ban yarda ba. Mai wannan magana bai taɓa zama kusa da mai gyara yana aiki ba.

Tarihin gajere ne. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. Kafin ya wadata, muryar Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram ko ta Mamman Shata sai a fada, ko wurin biki, ko a rediyo, Muryar Sahel daga Yamai da Rediyon Kaduna daga ƙetaren iyaka. Da kaset ya zo, sai kowa ya zama mai ajiya. 'Yan kasuwa suka riƙa hauro da shi daga Kano, ƙananan ɗakunan ɗaukar murya suka riƙa naɗar wa'azi, begen Annabi, waƙar noma da ta dambe. Yawancin wannan ba shi da wani kwafi a duniya sai wanda ke cikin kwali a ƙarƙashin gadon wani.

Abin da ke kashe inji a ƙasarmu sananne ne. Ƙurar hunturu tana cin kai, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren kaset, kamar yashi a haƙori. Zafin bazara yana narkar da robar da ke juya zare har ta koma kamar ƙaro. Mai gyara na ƙwarai yana share kai da auduga da alkol, ya sake roba, ya liƙa ɗan matashin da ke danna zare in ya ɓalle. Wannan duk almajiri zai iya. Inda malami yake fita daban shi ne daidaita kai.

Zaren kaset faɗinsa bai kai milimita 4 ba, kuma yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. A jikin kan da ke karanta shi akwai wata tsaga wadda ido ba ya gani, kuma dole ta tsaya daidai da yadda tsagar injin da ya naɗi muryar ta tsaya. In ta karkata ko da ƙiris, sautin ƙasa yana nan, amma na sama ya tafi. Ganga za ta ci gaba da ruri, kalangu zai yi magana, amma kaifin kukuma ya dushe, kuma bakin mawaƙi ya zama kamar an rufe shi da bargo. Ga Bahaushe wannan babbar asara ce, domin a sautin sama ne "sara" ta rabu da "tsara", "kafa" ta rabu da "ƙafa". Waƙar fada cike take da zambo da habaici, kuma harafi ɗaya in ya ɓace, ma'ana ta bi shi.

Kan yana zaune bisa ƙusoshi biyu, ɗaya da ɗan sifirin a ƙarƙashinta. Mai gyara yana sa kaset yana tafiya, ya haɗe sautin hagu da na dama wuri guda don aibin ya fito fili, sannan ya ɗora ɗan sukudireba wanda ba shi da maganaɗisu. Ya murɗa dama kaɗan, ya saurara. Ya wuce wurin da gangan har muryar ta sake dushewa, sannan ya dawo a hankali. Akwai wani matsayi guda inda amshin 'yan amshi ke buɗewa kamar an ɗaga labule. Nan yake tsayawa. Kaset na gaba kuma sai ya sake daga farko, don injunan da aka yi kwafi da su a kasuwa kowane da tasa karkatar.

Masu cewa manhaja za ta gyara komai daga baya sun yi kuskure. Abin da kai bai karanta ba, kwamfuta ba ta ji shi ba. In ka ƙara sautin sama da ƙarfi, shuuu kawai za ka ƙara. Ni ma ina son a zuba waƙoƙin nan a kwamfuta, tun kafin zare ya ruɓe. Kiɗan da Mamman Sani ya naɗa da ogan (organ) mai lantarki a Yamai a 1978 ai ta kaset ya rayu, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Amma kwashewa sau ɗaya ake yi, daga nan a jefar da kaset. In aka yi ta da karkataccen kai, jikokinmu za su ɗauka haka kakanninsu suke waƙa, da baki cike da tuwo.

Shi ya sa nake ganin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa abokin aikin maroƙi ne da marubucin tarihi. Gidajen rediyon karkara da ke da tarin kaset su nemo irin waɗannan dattawa, su zaunar da yaro kusa da kowannensu, su biya su haƙƙinsu. Roba da ƙusa ana samunsu a cikin wata matacciyar rakoda. Kunnen da ya san muryar Ɗan Alalo a raye, har ya gane inda ta buɗe, shi ne ba a sayarwa a Kano.